Gwajin fata, gwajin jini ko ci a gaban likita: wanne ya dace da wanda kifi ke tayar wa borin jini?

Ɗan ƙanwata yana da shekara shida ranar da leɓensa ya kumbura a gaban kwanon tuwo. Bayan magariba ne a Aboabo, unguwarmu a Kumasi, miyar kuɓewa da kifin amane, abincin da mutum tara suka ci suka sha ruwa lafiya lau. Shi kuwa loma huɗu ko biyar ya yi ya fara sosa wuya. Kafin a ankara leɓen ƙasa ya yi suntum, fatar ido ta tasa, ƙirji da baya sun yi ruɗu-ruɗu. Uwarsa ta kira ni murya na rawa: "Yaya, zo ki ga yaron nan." Allah Ya rufa asiri numfashinsa bai sarƙe ba. Washegari shawara ta yi mana yawa. Maƙwabciya ta ce a je a ɗebi jininsa a gwada abinci duka lokaci guda. Wani ɗan uwa da ke aikin nas ya ce gwajin fata ya fi. Goggonmu ta ce a bari ya huce a sake ba shi kaɗan a gani. Duka ukun suna da tushe a likitanci, har da maganar Goggo, sai dai ita tata ba a tsakar gida ake yin ta ba.

Kafin a kashe ko sidi ɗaya, akwai tambayar da likita zai fara yi: mutum nawa suka ci, mutum nawa abin ya kama? Dalili kuwa shi ne akwai gubar kifi da ke kama da borin jini kamar an tsaga kara. Kifin tuna, da wanda muke ce wa samon a kasuwa, da amane, da ƙananan nan da ake kira Keta school boys, namansu na da wani sinadari mai suna histidin da yawa. Idan aka kama kifin aka bar shi cikin zafi babu ƙanƙara, ƙwayoyin bakteriya sai su mayar da shi histamin, wanda shi ne ainihin abin da jikin mutum ke fitarwa lokacin borin jini. Wanda ya ci, cikin minti goma zuwa awa ɗaya fuska za ta ɗau zafi, kai ya sara, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, wani har da gudawa, kuma sau da yawa zai ce kifin ya yi masa yaji-yaji ko ɗanɗanon ƙarfe a baki. Dahuwa ba ta kashe histamin. Suya da banda da firiza ma ba sa kashe shi. Mu kuma a Kumasi kifin teku sai ya sha hanya kafin ya iso mu, daga Tema ko Elmina ko Takoradi, ya sauka a Asafo, sannan ya zaga unguwanni a kan tire cikin rana, ga ɗaukewar wuta da ke narkar da kaya a firiza su sake daskarewa. Saboda haka idan mutum uku cikin biyar suka kamu a kwano ɗaya, ko kuma babba ne da ya shekara talatin yana cin samon kuma ya sake ci daga baya babu abin da ya same shi, laifin kifin ranar ne. Wannan ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ukun.

Namu yaron shi kaɗai abin ya kama, kuma da aka zauna da uwarsa sai ta tuna cewa tun yana ƙarami yake tofar da tarwaɗa yana cewa bakinsa na ƙaiƙayi, ita kuma ta ɗauka tsirfar yara ce. Wannan labarin ya fi kowace takardar sakamako nauyi a wurin likita: me aka ci, minti nawa suka wuce, me ya fito a jiki, ya taɓa faruwa ko bai taɓa ba. A rubuta shi tun ana tunawa, a ɗauki hoton jikin da waya kafin ya washe.

A borin jini na gaskiya, garkuwar jiki ce ke ɗaukar wani furotin na kifi a matsayin abokin gaba. Mafi yawan lokuta furotin ɗin shi ne fabalbumin, wanda aka fara ganowa a jikin kifin kod na tekun Turai. Yana jure wuta, shi ya sa kifi ko soyayye ne ko banda ko busasshe duk ɗaya ne a wurin mai wannan larura, wasu ma tururin tukunya ko hayaƙin banda kaɗai ya isa ya tayar musu da tari. Kusan duk kifi mai ƙaya yana da shi, amma ba daidai ba: ya fi yawa a farin nama, tuna mai jan nama kuwa nasa kaɗan ne ƙwarai. Likitoci kan ƙiyasta cewa kusan rabin waɗanda kifi ɗaya ke tayar wa, wani kifin ma zai tayar musu. Ma'ana akwai wanda duk kifi haramiyarsa ne a likitance, akwai kuma wanda ƙarfasa ce kaɗai ba ya jituwa da ita amma yana cin saura. Jatan lande da ƙaguwa kuma maganarsu daban ce, domin furotin ɗin da ke tayar da nasu borin wani ne, ana ce masa tirofomayosin. Mutum na iya kasa cin kifi ya ci jatan lande lafiya, ko akasin haka. Wannan rarrabewar ita ce amfanin gwaji a gida irin namu, inda kifi shi ne naman talaka, kuma hana yaro kifi gaba ɗaya ba ƙaramin abu ba ne.

Gwajin fata da gwajin jini abu ɗaya suke farauta, wani sojan garkuwar jiki da ake kira IgE. Abin sha'awa, kifi ne ya fara tona asirinsa. A 1921 wasu likitoci biyu a Jamus, Carl Prausnitz da Heinz Küstner, suka yi gwaji a jikinsu. Küstner ba ya iya cin kifi. Prausnitz ya ɗauki ruwan jinin abokin aikinsa ya yi wa kansa allurarsa a fata, washegari ya sa ruwan kifi a daidai wurin, sai wurin ya tasa, alhali shi kifi bai taɓa yi masa komai ba. Nan aka gane cewa akwai wani abu a cikin jini da ke ɗauke da larurar. Sai a tsakanin 1966 da 1967 masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano ko mene ne.

Gwajin fata ba allura ba ce irin wadda yara ke gudu. Ana zana alamomi da biro a cikin damtsen hannu, a ɗiga ruwan kowane abin da ake zargi, sannan a ɗan tsikari fata da wani ƙaramin tsinke ta cikin ɗigon, ko jini ba ya fita. Ana ƙara ɗigo biyu na shaida: ruwan gishiri, wanda bai kamata ya tasa ba, da histamin, wanda dole ya tasa. Bayan minti 15 zuwa 20 a auna. Kumburin da ya fi na ruwan gishiri da milimita 3 ko sama ana ɗaukarsa a matsayin ya nuna. A baƙar fata jan da littattafai ke magana a kai ba ya fitowa sosai, kumburin ake aunawa, mai kama da cizon sauro. A zama ɗaya za ka ga sakamako da idonka.

Babban abin da ya sa na fifita shi a nan Kumasi shi ne ana iya yin sa da ainihin kifin da ke shiga tukunyarka. Ruwan gwajin da ake shigo da shi a kwalba yawanci na kifayen Turai da Amurka ne. Amma likita na iya cewa ka zo da yanki-yanki na kifin gida, ɗanye da dafaffe, ya soka tsinken a jikin kifin sannan ya tsikari fatar. Ƙanwata ta je da robobi biyar a cikin kula, kowace ta liƙa mata takarda: amane, adwene (wato tarwaɗa), ƙarfasa, samon, tuna na gwangwani. Na tsaya ina kallon hannun yaron. Wurin amane da na adwene suka tasa kamar ƙwayar wake tun kafin minti goma, yana ta son sosawa uwarsa na riƙe da hannun. Ƙarfasa ta ɗan tasa. Samon da tuna shiru. Babu kwalbar da aka shigo da ita daga waje da za ta ba mu wannan amsar a kan adwene na Yeji.

Sai dai gwajin fata yana da sharuɗɗa, kuma nan ne mutanenmu ke faɗawa rami ba su sani ba. Duk maganin da ke danne histamin yana danne sakamakon, don haka sai an daina shan irin su Piriton da setirizin da loratadin na wasu kwanaki, yawanci kusan mako guda, gwargwadon abin da likita ya ce. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne yawancin magungunan mura da tari na ruwa suna ɗauke da irin wannan sinadari, haka ma maganin buɗe ciki da ake ba yara ko 'yan mata ke sha don ƙiba, wanda ke da saiforoheftadin. Man shafawa mai siteroyid, har da wasu mayukan bilicin, shi ma yana kwantar da fata ta ƙi tasawa. Idan ana amfani da ɗaya daga cikin waɗannan, a faɗa wa likita gaskiya, ba wurin jin kunya ba ne, domin sakamakon ƙarya da ya ce babu komai ya fi rashin gwajin haɗari. Haka kuma wanda bori mai tsanani ya kama kwanan nan, akan jira mako huɗu zuwa shida kafin a yi masa. Kuma ko da yake da wuya ya tayar da bori a jiki duka, yana iya yi, shi ya sa ba a yin sa sai inda akwai allurar adirenalin a kusa.

Gwajin jini shi kuma ba ruwansa da maganin da ka sha jiya, ba ruwansa da halin fatarka, kuma babu haɗarin ya tayar da komai tunda kifin ba ya taɓa jikinka. Wanda ƙyasbi ko ƙaiƙayin fata ya cinye wa hannu da baya, wanda ba zai iya ajiye maganinsa na mako guda ba, wanda ya taɓa sumewa bayan cin kifi har likita ke shakkar kusantar da shi, ko wanda ke garin da babu mai gwajin fata amma ana iya ɗibar jini a aika, duk waɗannan gwajin jini ne nasu. Sakamako kan ɗauki kwanaki, kuma yana zuwa da lamba. Bisa al'ada daga 0.35 zuwa sama ake cewa ya nuna. Girman lambar yana nuna yiwuwar cewa larurar gaskiya ce, amma ba ya faɗin yadda borin zai yi tsanani. Mai ƙaramar lamba na iya shiga mawuyacin hali, mai babba ya tsaya a ƙaiƙayi.

Matsala ta farko da ke tattare da shi ta suna ce. Idan takarda ta ce salmon, tana nufin kifin nan mai naman ruwan hoda na ƙasashe irin su Norway, wanda yawancinmu ba mu taɓa sa shi a miya ba. Abin da mai kifi a Asafo ko Kejetia ke ce wa samon, makarel ne, wani kifi daban. Amane namu kuma sadinela ne, ba ainihin herin na tekun Turai ba, ko da yake 'yan uwa ne. Uwa za ta iya karanta takarda ta ga an ce salmon babu matsala ta je ta sayo samon, alhali ba shi aka gwada ba. Duk wanda zai yi gwajin jini ya tabbatar likitan ya san wane kifi ake nufi, in ya yiwu a nuna masa hotonsa.

Ta biyu ta fi girma. Jini na iya nuna IgE a kan abincin da mutum ke ci kullum lafiya. A nan Ghana an ga wannan ƙarara. Wani bincike da aka wallafa a 2013, wanda masana na cibiyar Noguchi da ke Legon suka yi tare da takwarorinsu na Leiden a ƙasar Holan, ya duba 'yan makaranta a yankin Accra: kashi 17.5 cikin 100 jininsu ya nuna gyaɗa, amma kashi 1.5 ne kacal aka ce gyaɗa na yi musu wani abu. An danganta yawancin wannan da tsutsar tsargiya, mai sa fitsarin jini, wadda ke sa jiki ya ƙera IgE da ke ruɗa na'ura. A kan gyaɗa aka yi binciken, ba kifi ba, amma ya isa ya sa mutum ya yi hattara da dogon jerin nan na abinci ashirin ko arba'in a gwaji ɗaya. Mu ma mun fara da shi, bisa shawarar maƙwabciya, a wani ɗakin gwaji mai zaman kansa, kuma kuɗin ya fi na duk abin da muka yi daga baya. Takarda ta dawo da alama a kan gyaɗa da alkama da waken suya, ga yaro yana shan kunun gyaɗa da burodi kowace safiya. Mako biyu ƙanwata ta hana shi su, yana ramewa tana kuka, har sai da likitar yara ta ce mata, "Hajiya, abin da yake ci lafiya, ki ci gaba da ba shi." Idan za a yi gwajin jini, a zaɓi abu uku ko huɗu da labarin ya nuna, a bar saura. Akwai kuma wani da ake tallatawa da sunan gwajin IgG na abinci. Wannan ba ya gano borin jini, abin da mutum ya saba ci kawai yake nunawa, kada a sa kuɗi a ciki.

Duka gwaje-gwajen biyu sun fi iya cewa babu a kan su ce akwai. Idan sun ce babu, yawanci babu ɗin ne. Idan sun ce akwai, sai an auna da labari. Inda labari da sakamako suka haɗu, kamar amane a wurin yaronmu, magana ta ƙare, babu mai sake ba shi don a tabbatar. Inda suka saɓa, ko ana son sanin ko akwai kifin da zai iya ci, nan ne hanya ta uku ke shigowa.

Ci a gaban likita shi ne alƙalin ƙarshe. Ana zuwa asibiti da safe, yaro lafiyarsa ƙalau, babu mura, babu asma a tashe, babu maganin ƙaiƙayi a jikinsa. A fara da ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, a jira minti 15 zuwa 30, a duba fata da ƙirji da bugun jini, a ƙara, har a kai abin da zai ci a gida, sannan a zauna kamar awa biyu ana kallonsa. Kifi ɗaya ake gwadawa a rana. Yana cin wuni, yana cin kuɗin mota da na asibiti, kuma yana iya tayar da borin da ake tsoro, shi ya sa ake yin sa inda akwai adirenalin da iskar oksijin da wanda ya san aikinsa. Wannan ne bambancinsa da shawarar Goggo. Bori na biyu ba dole ya zo kamar na farko ba. Wanda leɓe kawai ya kumbura masa a bara, bana maƙogwaro na iya rufewa, kuma daga Aboabo zuwa asibitin Komfo Anokye da yamma cikin cunkoso tafiya ce mai tsawo ga yaron da ba ya iya jan numfashi.

Akwai wani nau'i a jarirai da gwajin fata da na jini duk ba sa kamawa: an ba jariri kifi, babu ƙuraje babu kumburi, sai bayan awa ɗaya zuwa huɗu ya kama amai babu ƙaƙƙautawa ya yi laushi. Idan ya maimaitu duk ranar da aka ba shi kifi, a kai wa likitan yara wannan labarin ko da takarda ta ce babu komai.

Wanda kifi ya taɓa dusashe wa murya, ko ya sa ƙirjinsa kuka, ko jiri ya kwashe shi, ko amai ya haɗu masa da ruɗu-ruɗun jiki, kada ya jira gwaji kafin ya daina ci, kuma ya nemi likita ya tsara masa abin da za a yi idan ta sake faruwa. Maganin wannan hali allurar adirenalin ce a cinya. Piriton na rage ƙaiƙayi amma ba ya buɗe maƙogwaro, manja da madara da ake ɗura wa mutum kuma ba sa yin komai sai ƙara haɗarin shaƙewa. A kwantar da shi, kada a tayar da shi tsaye, in numfashi ne ya yi wuya a bar shi a zaune, a kira lambar gaggawa 112 ko a nufi asibiti mafi kusa. Kuma larurar kifi ba kamar ta ƙwai ko madara ba ce da yara da yawa ke girma su rabu da ita. Yawanci tana zama, tana kuma iya fara wa mutum yana babba.

Yaronmu an gwada shi da tuna na gwangwani a asibiti ya cinye lafiya, bayan wata guda aka gwada samon, shi ma lafiya. Ƙarfasa likita ta ce a ajiye ta tukuna. Amane da tarwaɗa sun fita daga kwanonsa, kuma a nan ne aikin ya fi wuya, domin amane ba ya zuwa da kamanninsa. Yana cikin shito, yajin nan da ake soyawa da mai, a daka, yana cikin garin kifin da ake barbaɗawa a miyar kuka da ta ayoyo, momoni da koobi, kifayen da aka adana da gishiri, na narkewa a miya ba a ganinsu, kuma man da aka soya kifi da shi ake soya doya da kaza a bakin titi. Yanzu ƙanwata ke yin shitonta da jatan lande kaɗai, tunda an gwada shi ba ya yi masa komai, ta zuba masa a ƙaramar kwalba mai jan murfi. Mai waakye (shinkafa da wake) ta bakin layinsu ta san shi, da ta hango shi sai ta ɗauko cokali daban ta zuba masa babu miya babu shito. Malamin makarantar boko da na Islamiyya kowanne yana da takarda mai sunayen kifin da ba ya ci, da lambar wayar uwarsa a ƙasa.